Babi na Biyar: Tuƙin Mota Mai Jan Ƙafa Huɗu, Daga Kwalta Zuwa Gulbi

Tambayar da ake yawan ji a tasha da garejin bakanike ita ce: tun da jif tana ja da ƙafafunta huɗu, me ya sa ake ganin ta kafe a yashin da tsohuwar Golf ta ratsa, ko ta kife a kwanar da motar haya ta sha lafiya lau? Amsar tana cikin sanin abin da jan ƙafa huɗu yake ƙara wa mota da abin da ba ya ƙara mata. Yana ƙara mata kamun ƙasa a lokacin da take ja gaba, shi ke nan. Ba ya ƙara mata birki, ba ya rage mata nauyi, ba ya kuma hana ta wuntsilawa. Direban da ya riƙe wannan ya gama rabin karatun. Sauran rabin shi ne sanin irin ƙasar da tayarsa za ta taka.

Ƙasar da motar za ta bi

Arewacin Zamfara wuri ne da mota kan haɗu da ƙasa iri-iri a tafiya guda. Kwaltar da ta taso daga Gusau tana rabuwa a Ƙaura Namoda. Hannu ɗaya ya yi arewa ta Moriki da yankin Jangeru zuwa Shinkafi, ya zarce Isa da Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Ɗaya hannun ya nufi Zurmi, ya wuce Gurbin Ɓore zuwa Jibiya a Jihar Katsina. Da an sauka daga waɗannan hanyoyi an shiga burji, ko burtali, ko turbar amalanke.

Gulabe biyu ne ke mulkin yankin: Gagare da ya bi ta Ƙaura Namoda, da Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, dukansu suna kai ruwansu ga gulbin Rima. Da rani yawancin cikinsu yashi ne. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa, musamman a markar Agusta, su da rafukan da ke zuba cikinsu kan cika cikin 'yan sa'o'i, fadamu su zama taɓo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ne da ƙura, sannan bazara ta zo da zafin da kan haura digiri 40. Shi ya sa ma'aikatan lafiya masu kai rigakafi, malaman gona, jami'an tsaro da 'yan kasuwar hatsi suke dogara da Hilux da Land Cruiser. Motocin tsofaffin hannu ne, domin kamfanin Toyota ya fara ƙera Land Cruiser a 1951, Hilux kuma a 1968. Amma ƙarfin mota ba ya maye gurbin hankalin mai tuƙa ta.

Ma'anar 2H da 4H da 4L

A yawancin a-kori-kura irin Hilux akwai ƙaramar giya a gefen babbar, ko wani maɓalli mai murɗawa, ɗauke da alamomi uku. A 2H ƙafafun baya kaɗai ke ja, kuma nan ne mazaunin motar a kan kwalta. A 4H ƙafafu huɗu ke ja da saurin da aka saba, ana sa shi a burji, yashi da ƙasa mai santsi. A 4L ma huɗun ke ja, amma saurin ya ragu kusan ninki biyu da rabi, ƙarfin kuma ya ƙaru gwargwadon haka. Shi ne na hawa mai tsanani, gangara mai tsayi, taɓo mai zurfi da ƙetare ruwa. Ba a shiga 4L mota na tafiya. Sai an tsaya cak, an taka kuloci, ko an mayar da giya N a mota mai canja giya da kanta.

Tsofaffin motoci suna da wani makulli a tsakiyar kowace ƙafar gaba, mai rubutu biyu, FREE da LOCK. In ba a sauka an murɗa su duka biyu zuwa LOCK ba, ko an sa 4H ƙafafun baya ne kawai za su ja. Direbobi da dama sun kafe a kan wannan mantuwa.

Babbar doka ita ce kada a bar irin wannan mota a 4H a kan busasshiyar kwalta. Dalilin yana nan a sawun taya. Duk wanda ya duba sawun motar da ta sha kwana a kan rairayi zai ga ƙafafun gaba sun yi zagaye mai faɗi, na baya sun yanke ta ciki. Wato na gaba sun fi na baya tafiya. A 4H kuwa an ɗaure gaba da baya su juya daidai wa daida. A kan yashi taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a farfela da giyabos, sitiyari ya yi tauri, taya ta riƙa ƙugi, a ƙarshe wani ƙarfe ya karye. Motoci irin Prado, masu jan huɗu a koyaushe, suna da na'urar da ke raba wannan bambanci, amma su ma idan an kulle ta domin taɓo, dole a buɗe da an hau kwalta.

Kafin a tayar da inji

Taya ce farkon abin dubawa. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, kuma ana auna shi da safe kafin tayar ta yi zafi. Wasu masu faci kan dura iska da ƙiyasi har ta wuce ƙima, taya mai iska da yawa kuwa tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, takan fashe a zafin bazara.

Sai ruwan lagireto, baƙin mai, man birki, fitilu da abin share gilashi. Kayan da ba a barin gida babu su sun haɗa da safaya mai iska, jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, famfon iska da ma'auninsa, tocila, kayan taimakon farko da ruwan sha isasshe.

Lodi ma yana da iyaka. Abin da a-kori-kura irin Hilux ke ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma a cikinsa har da direba da fasinjoji. Buhun gero 10 masu kilo 100 sun cinye shi ƙaf. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa, a matso da su jikin kan motar, a ɗaure tam. Duk abin da aka jibga a rufi yana ɗaga nauyin motar sama, yana kusantar da ita ga kifewa. Mutanen da ke zaune a buɗaɗɗen baya kuwa ba su da kariya ko kaɗan idan aka yi tangal-tangal.

A kan kwalta

Mafi munin haɗarin jif a kan kwalta yake faruwa, domin nan ake sakin totur. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a kai. Motar da ke gudun 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta isa birki, motar ta riga ta ci wannan tazara ko fiye. Idan kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi.

Jif doguwa ce, nauyinta yana sama. Fizgar sitiyari don kauce wa rami ko akuya ya isa ya ɗaga ƙafafunta biyu. Sau da yawa kifewa kan faru ne haka: ƙafa ta faɗa gefen kwalta inda ruwa ya zaizaye, direba ya firgita ya fizgo ta da ƙarfi, motar ta gilma ta wuntsila. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari a miƙe, a ɗaga ƙafa daga totur, a bari gudun ya mutu, sannan a hau kwaltar a hankali. Birki kuma ana gama shi kafin kwana, ba a cikinta ba.

Ranar Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, hanya kan cika da 'yan kabu-kabu, amalanke, raƙuma da garken dabbobi. Irin wannan rana ta fi ƙarfin gudun da doka ma ta yarda da shi. Bel kuma wajibi ne ga na gaba da na baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Burji, ƙura da hazo

A kan burji tsakuwa tana birgima ƙarƙashin taya, don haka birki ba ya kamawa da wuri, ko da motar na da birkin ABS. A-kori-kurar da ba ta da lodi bayanta sakayau yake, yakan yi wutsiya a kwana. Sa 4H yana daidaita ta. Hanya mai gargada kan ja hankalin direba ya ƙara wuta domin jijjigar ta lafa, kuma takan lafa, amma dalilin shi ne tayoyin sun koma tsallake ƙwanƙwasan, rabin lokaci ba sa ƙasa. A wannan hali sitiyari da birki suna nan ne da suna kawai.

Ba a bin mota cikin ƙurarta, ba a kuma wuce ta sai an ga gaba sarai. A hazo ana kunna ƙaramar fitila ko da rana tsaka, domin babbar fitila ƙurar take haskawa, hasken ya dawo idon direba. Matatar iskar inji takan toshe da wuri a hunturu, sai a riƙa ciro ta ana kakkaɓewa. Da bazara kuma, in allurar zafi ta hau, a tsaya a bar injin ya huce. Buɗe murfin lagireto da zafinsa ya ƙona fuska da hannun mutane da yawa.

Yashi

Sirrin yashi biyu ne: faɗin taya da tafiya ba yankewa. Raƙumi ba ya nutsewa a rairayi saboda tafin ƙafarsa yana bajewa idan ya taka. Haka taya take yi idan an rage mata iska zuwa 18 ko 20 a ma'aunin masu faci: wurin da take taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu. Da irin wannan iska ba a wuce gudun 40, ba a kuma karya kwana da ƙarfi, don kada tayar ta fita daga bakin ƙarfenta. Da an fito a mayar da iskar, domin taya mai ƙarancin iska takan yi zafi ta fashe a kwalta.

Ana zaɓar giya tun kafin a shiga, ta biyu ko ta uku a 4H idan yashin ba shi da zurfi, 4L idan mai laushi ne sosai. Canja giya a tsakiya yana kashe tafiyar, motar ta zauna. Ana bin sawun waɗanda suka riga wucewa, don can ne ƙasa ta danne. Yashin sassafe ya fi ƙarfi, na azahar ya bushe ya saki. In za a tsaya, a bar motar ta tsaya da kanta, domin birki yana tara tudun yashi a gaban taya. Da zarar an ji tayoyi na juyawa motar ba ta motsi, a ɗaga ƙafa nan take. Kowane ƙarin totur rami yake haƙawa, har cikin motar ya kwanta a ƙasa.

Taɓo da fadama

Lakar fadama tana cike zanen taya har ta koma sumul. Kafin a shiga wuri mai shakka, a sauka a caka sanda a ji zurfinsa da abin da ke ƙasansa. Ana shiga da 4L, giya ta biyu, totur daidai ba ƙari ba ragi. Idan tayoyin gaba sun fara rasa kamu, ɗan kaɗa sitiyari hagu da dama yana sa gefen taya ya ciji sabuwar ƙasa. Sawun da tirela ko tarakta ta bari na iya fin ƙarfin jif, tayoyinta su rataye, aksul ɗinta ya zauna a kan tudun tsakiya. A irin wannan wuri a ɗora tayoyin a kan tudun. Ratsa gonar mutane don kauce wa taɓo kuma ɓarna ce da ke jawo rigima, ga shi ƙasar da aka yi wa huɗa ta fi hanyar laushi.

Ƙetare ruwa

Nan ne kuskure ba ya ba da damar gyara. Kamfanin Toyota ya nuna cewa sababbin Hilux na iya shiga ruwan da ya kai santimita 70, amma wannan ruwa ne kwantacce a kan ƙasa mai ƙarfi. Ruwa mai gudu daban ne. Santimita 15 na iya kayar da babban mutum, 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da jif da a-kori-kura. Rafukan yankin suna da wata ɗabi'a: ruwan da aka tafka a can sama yakan iso mashigi ko da ɗigo bai sauka a wurin ba. Ruwa ja mai ɗauke da kara da itace alama ce cewa yana kan hawa. Kwalbatin da ruwa ya rufe kuma ba a san ko yana nan ko ya tafi ba.

Ƙa'idar ita ce, ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa cikin natsuwa ba, mota ma kada ta shiga. Mutanen ƙauyen da ke bakin mashigin sun san inda dutse yake da inda rami yake, tambayarsu ta fi kowane ƙiyasi. Ruwan rafin da ya hau kan janye cikin 'yan sa'o'i, kuma sannu ba ta hana zuwa.

In an tabbatar mashigin zai ratsu, a sauke gilasai, a sa 4L da giya ta ɗaya ko ta biyu, a shiga a hankali, a riƙe tafiya ɗaya har a fita, ba tare da taka kuloci ba. Shiga da gudu yana watsa ruwa zuwa inda inji ke shaƙar iska. Idan injin ya mutu a cikin ruwa, kada a sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, fistan da ya buge shi sai ya lanƙwasa sandarsa, injin ya tashi aiki. A jawo motar waje a kira bakanike. Bayan kowace ƙetara, a riƙa taɓa birki a hankali ana tafiya har ya bushe.

Hawa da gangara

Gaɓar gulbi da bakin kwazazzabo ana hawansu ne a miƙe, a sauka a miƙe. Gilma wa gangara shi ne hanya mafi sauri ta kifar da doguwar mota. A sauka ana sa 4L da giya ta ɗaya, a bar injin ya riƙe motar. Sa ta a firi ko danne kuloci yana sakin dukan nauyinta a kan birki. Idan hawa ya gagara, kada a yi yunƙurin juyawa a tsakiya. A taka birki, a sa ribas, a gangaro da baya a miƙe, a sake shiri. Ƙaramin kwari kuwa ana ratsa shi a ɗan karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada hancin motar ya soki ƙasa. Babban yatsa ya zauna a wajen sitiyari, domin idan taya ta bugi kututture sitiyarin kan juya da ƙarfin da zai iya karya shi.

Idan mota ta kafe

Fara da sauke mutane da kaya. A haƙe gaban tayoyin da ƙarƙashin motar har cikinta ya rabu da ƙasa, a ƙara rage iska, a shimfiɗa kara, rassa ko buhuna, sannan a gwada fita da baya ta sawun da aka shigo. In an ɗaga da jak, a cike ramin tayar, amma kada kowa ya shiga ƙarƙashi.

Jan mota da wata motar ya fi kafewar kanta haɗari. Ana ɗaura igiya ne a ƙugiyar da ke jikin ƙashin motar, ba a bamba ba, ba kuma a dunƙulen ƙarfen jan tirela ba, domin yakan ɓalle ya tashi da ƙarfin da zai kashe mutum. A yafa buhu ko bargo a tsakiyar igiyar don ya danne ta in ta tsinke. Masu kallo, musamman yara, su ja baya fiye da tsawon igiyar. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba direbobin biyu umarni.

Lokacin tafiya

Matsalar 'yan bindiga a hanyoyin Shinkafi da Zurmi ta sa zaɓen lokaci ya zama ɓangare na tuƙi. Ana fita bayan gari ya waye sosai, a shirya isa tun kafin la'asar sakaliya. Direbobin tasha su ne suka fi sanin halin hanya a kowace safiya, kuma tafiya a jere da wasu motoci ta fi kaɗaici. A sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa, tun da sabis ɗin waya kan yanke a ƙauyuka. A shingen jami'an tsaro a rage gudu tun daga nesa, a sauke gilashi. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112. Motar da ta kafe a daji da yamma ta jefa mutanenta cikin haɗari biyu, don haka juyawa daga mashigin da ake shakka ba gazawa ba ce.

Jif ta fi ƙaramar mota isa wuri mai wuya, amma ba ta fi ta tsayawa ba, kuma ta fi ta saurin kifewa. Mai tuƙa ta ya sauka ya duba kafin ya shiga, ya zaɓi giya kafin ya buƙace ta, ya rage gudu kafin hanya ta tilasta masa. Yashi da taɓo da ruwa kuma suna barin ɓarnarsu a jikin mota ko an fita lafiya: man aksul da ya koma fari saboda ruwa, laka da ta daskare a birki, matatar iska da ta toshe. Babi na gaba zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna abin da direba zai duba da kansa bayan kowace tafiya, da abin da ya kamata ya bar wa bakanike.